Ranar da Ya Nemi Aurenta

Ita ke rubuta wa wani mawaƙi duk waƙoƙin da suka yi masa suna. Ranar da aka ji wani kamfani na zawarcinta, ya tare ta a ɗakin ɗaukar sauti, ya rage kiɗa.

"Ki ba ni izini in turo magabatana," ya ce.

Ta daɗe tana jiran wannan magana, amma me ya sa sai yau? Ruwa ba ya tsami banza. Ta kafe shi da ido, ya sunkuyar da kai.

"Turo su. Amma in na yi aure, na ajiye alƙalami."

Ya yi murmushin yaƙe.

"Har da waƙoƙina?"

Ta rataya jakarta, idonta ya ciko.

"Kada ka wahalar da tsofaffi," ta ce.