Hanyar Shanun Alhaji Maliki

Wani ya tona hanyar shanun Alhaji Maliki. Ba makiyayi ne ya yi suɓul da baka ba, ba ɓarawo ne ya bi sawu ba. Daga cikin gidansa na Daura labarin ya fita, ranar Asabar da hantsi, kuma wanda ya fitar da shi har yau yana cin tuwo a gidan.

Ɗansa Hafizu ne ya fara gani. Saurayi ne mai zafin kai da saurin baki, abin da ya ji da safe kafin azahar ya kai bakin tasha. A bidiyo yake koyon haɗa shafukan intanet, kuma ranar ya zauna zai girka saba a babbar kwamfutar falo, wato manhajar da ke miƙa shafi idan an nema. Ya ɗaga kujera, don kullum sai ya tarar an sauke ta. Ya girka, ya danna, sai jan rubutu ya fito: ƙofar da sabar za ta bi, wata manhaja ta riga ta tare.

Wace manhaja? Shi dai bai taɓa girka komai ba. Wadda ke taɓa kwamfutar bayan shi, yayarsa Firdausi ce, malamar firamare, ita kuwa tambayoyin jarrabawa take bugawa.

Ya rubuta kalmar localhost a burauza, manhajar buɗe shafuka, kamar yadda mai bidiyon ya yi. Shafi ya buɗe, ba nasa ba.

Shanun babansa ne, sa da saniya, kowanne da hotonsa da shaidar da ke cinyarsa. A ƙasa ga taswira, jan layi ya taso daga wajen Baure ya nufi karar Mai'aduwa. Ga mashayar da za a tsaya, ga rugar da za a kwana, ga sunayen makiyayan. Kwanan watan na yau ne.

Tun da ɓarayin shanu suka tare wani abokin Alhaji, tsohon ya daina bin hanya ɗaya sau biyu, kuma ba ya faɗa wa kowa inda zai bi. Hafizu kansa bai sani ba. Ga shi da asubar nan Alhaji ya bi garken da ƙafarsa, ga hanyar tasa a shimfiɗe a allo kamar tallar atamfa.

Ya fizge wayar modem mai kawo intanet ya jefar, ya sake loda shafin. Shafin na nan.

Ya kashe kwamfutar ya kunna. Shafin na nan, shanun na kallonsa.

Wane irin shaiɗani ne wannan, an yanke masa intanet amma yana ciki? Ya kira Alhaji, ba ta shiga. Ya kira babban makiyayin, a kashe. Ya ɗauki hoton allon ya watsa a guruf ɗin 'yan kara da na matasan unguwa, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a taimaka, an yi musu kutse, duk tsinannen da ya yi wannan Allah ya isa. Ya sake kiran Alhaji. Shiru.

Ya shiga lissafa mutane. Zailani mai gyaran kwamfuta, wanda ya canza mata batir da damina, ai ya cika tambayar lafiyar Alhaji. Me ya kai shi? Hafizu ya leƙa soro, ya saka sakata, ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo. A ransa yana ganin babansa a daji da sanda da buta, yana tafe cikin natsuwa zuwa mashayar da wasu suka riga suka sani.

Aka buga ƙofa, saura kaɗan ya faɗi. Firdausi ce ta dawo daga darasin Asabar.

“Kai kuma lafiya ka kulle gida da rana tsaka?”

Ya nuna mata allon. Ta duba, ta ja tsaki, ta sauke kujerar ta zauna.

“Au, ka ci karo da sabata? Canza wa taka ƙofa mana, sarkin gaggawa.”

“Taki? Yaya, ke kika yi wannan?”

“Da wa? Ka ɗauka kai kaɗai ke kallon bidiyo? Baba ya ce in riƙa ajiye hanyarsa, in wani abu ya faru a san inda za a neme shi. Ya ce kar a faɗa maka, bakinka ba ya riƙe magana.”

“To ai duk duniya tana gani!”

“Wace duniya? Shafin a cikin kwamfutar nan yake kwana, a ciki yake tashi. Ko maƙwabci ba ya iya buɗe shi. Ba ka ga ba ya neman intanet ba? Daga ni sai Baba muka san hanyar nan, sai kai yanzu.” Ta juyo tana dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. “Hafizu. Ba ka nuna wa kowa ba ko?”

Wayarsa ta girgiza a hannunsa. Ta sake girgiza. 'Yan kara na ta jajantawa, wasu na cewa sun tura gaba don a taya da addu'a, kuma wata lamba da ba wanda ya san mai ita ta tambaya ko Alhaji ya riga ya wuce mashayar.

Babu ɗan kutse, babu Zailani, hanyar ba ta taɓa ƙetare bangon falon ba sai da mai neman maci amana ya ɗauke ta hoto ya raba wa gari da hannunsa. Wanda ya ce ba Hafizu ne ya tona babansa ba, ya fito ya nuna mana wani.