Harirar Buɗa-Baki

"Ɗanɗana ka tofar, Alhaji," ta ce wa mijinta ana dab da shan ruwa. Ta miƙa masa cokalin miyar harira da kwanon tofi.

Wata bakwai ke nan rabonsa da haɗiye ko da ruwa. Wata likita a birnin Fas ta zana musu abin a takarda: a ƙasan maƙogwaro, bakin hanyar abinci, akwai zoben tsoka da ke zama a rufe. Duk haɗiya sai maƙogwaro ya ɗaga, zoben ya saki na ƙiftawar ido, loma ta wuce. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, nasa zoben ya daina buɗewa. Ta bututun roba abinci ke shiga cikinsa.

Ya juya miyar a baki, ido a lumshe, kamar ba zai rabu da ita ba. Sannan ya tofar.

"Gishiri bai ji ba."

"Ji mutum! Shekara arba'in ina ɗanɗana maka miya da azumi a bakina ina tofarwa, ban taɓa kuskure gishiri ba."

"Ke ai kina da magariba," ya ce a hankali.

Aka kira salla. Cokula suka fara ƙara a gidajen maƙwabta. Ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa yadda likita ta koya mata, ta jira. Maƙogwaron bai motsa ba.

Ta ɗebi miyar ta kai bakinta, ta riƙe. Sai ta jawo kwanonsa ta tofar.