Kallo Daga Goron Dutse

Yana kaiwa ƙololuwar Goron Dutse ya zube, gumi sharkaf. Tun da ya ci zaɓe ya koma Nassarawa GRA bai taka ƙasa haka ba, amma likita ya ce ko tattaki ko makara. Ya zaɓi ranar tseren keke don ya sha kallo daga sama.

Can ƙasa, 'yan tseren na gasuwa a rana, awa biyu ana jiran babban baƙo.

"Wane shashasha ne wannan?" ya ce da matarsa. "Yanzu muna da Shari'a, bulala ta kamace shi!"

Hajiya ta buɗe katin gayyatar da ya jefa mata a jaka bai karanta ba.

"Ga sunanka nan, Honarabul. Bulala nawa za a yi masa?"