Shanyar Inna

Kafin Baba ya tafi cin rani Kwatano, ya kafe mana ɗan farantin sola a kan rufin ɗaki, a gidanmu na Ɗan Kassari. Amma da rana ta juya, sai inuwar gawo ta rufe shi. Wata Juma'a, ranar da Baba ya saba kira, salula ta mutu tun azahar, batir kuma babu ko ɗigon wuta.

Inna ta ɗaure zane, ta hau tsani da kanta, ta ɓanɓaro farantin. Ta ɗaure shi da igiyar roba a kan tsohuwar ƙafar amalanke, ta jingina ta a bakin fasasshen turmi a tsakar gida.

Na ce, "Inna, Baba ya ce kar a taɓa."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ai shanya ce, ɗiyata. Wa ke barin shanya cikin inuwa?"

Ta koma kan sussukarta. Duk sanda rana ta gusa, sai ta zo ta sa ƙafa ta ɗan murɗa tayar, kamar yadda take jan tabarmar kuɓewa. Bayan la'asar muka ji muryar Baba.

Yau ni injiniya ce, ina haɗa farantan da ke bin rana da kansu. A Yamai na yi karatun. Amma duk lokacin da suka juya, ƙafar Inna nake gani, da lalle a diddigenta.