Kwalabe Biyu

Kullum bayan karin kumallo maigidanta ke ajiye mata ƙwayarta a murfin kofi. Mutumin da bai san inda cokali yake a gidan ba, sai ga shi ya zama ma'ajin magani.

Su biyun aka ɗauka a gwajin sabon maganin ciwon baya. Shi makaniki ne, ita kuma mai guga a otal. Likita ta ce maganin yana share tsofaffin ƙwayoyin halitta na jiki, waɗanda suka daina aiki amma suka ƙi mutuwa. Rabin mutane za a ba na gaske, rabi kuma garin sitaci, a kwalba iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya. Sai bayan wata shida kowa zai san nasa.

Ita kam wata shidan nan ne suka rage mata a wurin aiki. Manajan otal ya riga ya ce in ba za ta iya tsayuwa ba, akwai masu iyawa.

Makon farko ta sha fama da tashin zuciya, ciwon bayan kuwa ko gezau. Shi kwana uku kacal ya fara cika baki wai ya ji garau. Daga nan ya karɓe kwalaben duka. Tashin zuciyarta ya wuce, shi kuma ya fara ture abinci, yana ɗora laifin a kan girkinta.

Ya miƙe sarai, ya koma shiga ƙarƙashin mota kamar ɗan shekara ashirin. Ita sai ta dafa bango take sa takalmi. Kullum ya tsare ta da ido: "Har yanzu ba sauƙi?" Tambayar har haushi take ba ta. A wata na biyar aka sallame ta, aka ba wata teburin gugarta. Ta yi kuka, ta ji ƙyashin lafiyar mijinta, ta kuma ji kunyar hakan.

Ranar buɗe sakamako likita ta duba takarda, ta sake dubawa.

"Mama, abin da mamaki. Ke aka ba na gasken. Baba kuwa sitaci aka ba shi."

Ta juya za ta yi masa tsiya, sai ya riga ta magana.

"Gani na yi nawa ne ke aiki," ya ce da ƙyar, "shi ne tun mako na biyu na musanya mana kwalaben."