Ƙullin Bayan Randa

Tabawa, kin ce na yi sanyi, to ji. Da maigidana ya rasu na rasa inuwa, na sami rumfarsa ta daddawa, kuma shekara tara ba a taɓa taya mini kaya na sallama a tayin farko ba. Bana ɗana ya saki matarsa, na rasa jikata Hajjo daga ɗakina. Abin da na samu kuwa sai kin ji misalin nan za ki gane shi.

Wani manomi ne da matarsa mai ginin tukwane suka rabu, da 'ya ɗaya tsakaninsu, shekararta shida. Ya ce tasa ce, ta ce sai dai a kashe ta. Dattawa suka gaji, suka ce a raba daidai: kasuwa zuwa kasuwa. Ran kasuwa a kawo ta gindin tsamiya, wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, ba gaisuwa. Kowa ya tafi yana cewa bai faɗi ba. Yarinya ta ɗaure zanenta biyu da matajinta a ɗankwali. A gidan uba a tambaye ta me uwarta ke cewa, a gidan uwa a tambaye ta wa ke shiga can. Ta koyi cewa ban sani ba. Ta koyi cin tuwo a tsugune, ido na ƙofa. Uwar ta koya mata gini, ta kwaɓa yumɓu, ta tayar da tukunya har wuya, amma ranar gashi kullum a makon uba take faɗowa, ba ta taɓa ganin tukunyarta ta fito daga wuta ba. A gonar uba ta shuka gyaɗa, ranar tono tana can gidan uwa. Kiwon kaza ma ba ta taɓa yi ba, wa zai ba ta tsaba in ta tafi? Ƙullin nan ta daina kwance shi, tunda kafin ta saba da tabarma an ce tashi.

Ta girma, ta auri mutum mai sanyin hali, ta haihu biyu. An jera mata kwanuka, an kafa mata gado, amma ƙulli yana nan bayan randa, kuma duk ran kasuwa ba ta iya zama, daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai zaure. Wata rana ta bar rumbu a buɗe, akuya ta cinye irin wake. Miji ya dawo, ya ɗaga murya sau ɗaya tak: "Haba, baiwar Allah!" Bai zage ta ba, bai ɗaga hannu ba. Kafin ya koro akuyar ta ɗauko ƙulli ta kama hanya. Ya yi biko sau uku, ta dawo sau uku, ko tari ya yi da ƙarfi sai ta dubi randa. A na huɗu ya haƙura. Yau 'ya'yanta ake miƙawa a gindin tsamiyar nan.

To, da dangin uwar Hajjo suka zo, su ma mako-mako suka taya. Ɗana ya ce ya yi, ni ma har na buɗe baki in ce a ƙara mana Sallah. Sai na hangi yarinyar a bakin ƙofa, ba wanda ya sa ta, ta naɗe zanenta a ɗankwali ta rungume. Kwana biyu na kasa zama a rumfa, har na auna wa wata daddawa ba daidai ba.

Ga yadda na sallama, ki faɗa wa duk mai dariya. Hajjo ta zauna wajen uwarta, ɗaki ɗaya, makaranta ɗaya. Ni zan taka ran Juma'a, da wannan gwiwar, in yi sallama a ƙofar mutanen da ban taɓa fara gaisarwa ba, in zauna inda aka shimfiɗa mini. Ɗankwalin kuwa na karɓe, yana kaina. An kayar da ni, na yarda, gara ni da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.