Turken Agege

Tun da teku ya cinye Ikko aka hana mota bin gaɓar ruwa. Mai son ganin inda aka haife shi sai dai ya taka da ƙafa.

Malam Sidi da matarsa Asabe sun yi kwanaki suna takawa. Rana na dukansu, iska na watsa musu yashi a ido, gishiri duk ya tsattsage musu leɓe. Ba su da hira sai ta Agege: ƙamshin burodi da sassafe, da layin 'yan goro inda ya fara ganinta tana taya mahaifiyarta suyar waina.

Da azahar suka iso wani turken ƙarfe da aka rubuta "Agege" a jikinsa. Gabansa ruwa ne kawai, iya ganin ido.

Asabe ta ce, "Malam, ta ina maƙabartar take? Ina so in gaida Inna."

Ya nuna dama, ya yi shakka, ya nuna hagu, sannan ya sauke hannunsa.

Wani ma'aikaci da ke tone gindin turken ya ce, "Baba, ku ɗan gusa, baya zan matsar da shi. Duk shekara haka muke yi, ruwa na ƙara ciyowa."

Malam Sidi ya ce, "To ainihin Agegen fa, ɗana?"

"Wallahi ban sani ba. Wanda na gada ma bai sani ba."

Asabe ta gyara mayafinta, ta tsuguna a jiƙaƙƙen yashi, ta buɗe tafukanta ga ruwan gaba ɗaya.

"Inna, mun zo," ta ce. "Duk inda kike, Allah ya kai miki rahama."